Fankar Jirgin Feshi

Makon jiya wani ma'aikacin sakatariya ya kawo mini fankar silin tana warin ƙuna, koyil ɗinta ya yi baƙi ƙirin. Ina cikin kwance ta, samarin da ke zaman benci a gefen shagona suna kallo, sai ɗayansu ya ce, "Baba Ummaru, wanga aiki ai ƙirga ne kawai. Ka ƙirga zagayen tsohuwar waya, ka naɗa sabuwa, an gama. Na gani a bidiyo, minti goma anka yi." Sauran suka yi dariya. Ban tanka masa ba, don a lokacin ina tsakiyar ƙirga, kuma mai ƙirga ba ya magana. To yanzu na gama. Ga amsarsa, shi da duk mai yi wa rogo kallon kitse.

Ni haifaffen Jabo ne. Na haura shekara ashirin ina naɗin koyil a bakin titin Sakkwato a nan Tambuwal, amma ba da fankar silin na fara ba. Da fankar jirgin sama na fara.

Ina da shekara goma sha tara kawuna, direban tanka, ya ɗauke ni zuwa Kaduna ya damƙa ni a hannun wani abokinsa, Oga Danladi, shugaban sashen wuta a wani ƙaramin kamfani mai gyaran kayan lantarki na ƙananan jirage. Tsohon soja ne, gajere, ba ya ɗaga murya. Ranar farko ya ɗora mini wani abu a tafin hannu, girmansa bai kai ƙaramin gwangwanin tumatir ba.

"Mene ne wannan?" ya ce.

"Fanka ce, Oga."

"Ta me?"

Sai ya yi mini bayani. A gaban matuƙin jirgi, bayan agogunan nan da yake kallo, akwai akwatunan ƙarfe: na rediyon da yake magana da ƙasa, da na na'urar da ke nuna masa hanya. In suna aiki zafi suke yi kamar dutsen guga. Wannan 'yar fankar ita ke hura musu iska. In ta tsaya, akwatin zai dahu da kansa, matuƙi ya zama kurma kuma bebe a sararin sama.

"Mota in ta lalace, direba ya gangara gefen titi," in ji Oga Danladi. "A can sama ba gefen titi."

Fankar silin ɗinku tana juyawa kana iya bin reshenta da ido. Waccan kuwa in ta tashi ba ka ganin komai, sai wata siririyar ƙara kamar kukan sauro a bakin kunne. Zagaye dubbai take yi a minti ɗaya. Amecha ɗinta, wato sandar tsakiya mai juyawa wadda ake naɗe waya a jikinta, bai fi babban yatsa ba. Wayar kamar gashin jelar doki. Boris guda biyu, wato zobban ƙarfen da yake juyawa a cikinsu, ke riƙe da shi, kowanne kamar ƙwayar wake.

Shekarata ta farko ban taɓa waya ba. Wanke boris kawai nake yi. A tsoma shi a mai, a juya a hankali da tsinke, a busar, a duba shi da madubin ƙara girma, a ɗiga masa giris daidai kan allura. In ya yi yawa zai yi zafi, in ya yi kaɗan zai bushe. Na yi ƙorafi wa abokin ɗakina, Haruna, ɗan Zariya, wanda ya zo da takardar makarantar fasaha yana neman zama injiniyan jirgi. Ya ce in yi haƙuri, shi ma wata takwas ya yi yana goge kusoshi. Tare muke dafa taliya a risho ɗaya, tare muke tafiya aiki a ƙafa.

Amecha na farko da aka ba ni in naɗa, ranar ana wasan ƙwallo a rediyo. Kunnena ɗaya na wurin wasan. A ɗaya daga cikin ramukan amecha da waya ke kwanciya na kuskure zagaye uku, ban sani ba. Na gama, na shafa banish, man da ke ƙafe waya, na gasa shi a 'yar tanda ta lantarki, na kai wa Oga ina jin kaina. Ya auna da mita, ya dube ni. Ya haɗa fankar a teburin gwaji, ya ba ta wuta, ya jawo kujera ya ce in zauna in kalla. Na zauna. Wajen minti arba'in, sai wari. Sai hayaƙi siriri. Sai ta yi tsit.

"Minti arba'in," ya ce. "Da tana cikin jirgi, yanzu kun wuce Zariya. Ina za ka sauke su?"

Tun daga ranar ban sake ƙirga da rediyo a kunne ba.

Amma ƙirga, da samarin nan ke ganin ita ce aikin, ita ce mafi sauƙi. Babban aikin shi ne balans. In ka naɗa sabuwar waya ka shafa banish, dole gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya nauyi, ko da nauyin ƙwayar yashi ne. A fankar silin wannan ba komai ba ne. A abin da ke gudun fitar hankali kuwa, ƙwayar yashi guduma ce, tana dukan boris sau dubbai a minti har ya cije. Muna da wasu ƙarafa biyu masu kaifi kamar aska, a jere daidai wa daida. Sai a ɗora amecha a kansu. In wani gefe ya fi nauyi, zai mirgina ya kwanta ƙasa. Ka ɗiga ɗan gam a ɗaya gefen da bakin allura, ka bari ya bushe, ka sake ɗorawa. Haka za ka yi ta yi, wani lokaci yini sukutum, har sai duk inda ka ajiye shi ya tsaya cak.

Bayan an haɗa, akwai gwajin ƙarshe da ba mita ke yi ba. Oga Danladi yakan ba ta wuta ya sa mini ita tsakanin yatsu. "Rufe ido. Me ka ji?" Mai kyau ba ka jin komai sai ɗumi. Mai matsala kuwa za ka ji wata 'yar rawa, kamar tururuwa na tafiya a kan fata. Sai da na yi shekara uku kafin yatsuna su koyi jin wannan tururuwa. Daga nan sai takarda. Ba abin da ke fita daga ɗakin nan sai da takarda ɗaure a jikinsa da sa hannun injiniya mai lasisi. Ni ban taɓa samun lasisi ba, karatuna bai kai ba. Haruna ya samu. Ni ke naɗawa, shi ke sa hannu.

Shekara goma sha ɗaya na yi a wurin. Daga baya jiragen suka ragu, masu su suka koma sayen sabon kaya daga waje maimakon gyara, kamfanin ya rufe. A daidai lokacin mahaifinmu ya kwanta ciwo. Na tattaro kayan aikina a akwatin ƙarfe: madubi, hantsaki, ma'aunin kaurin waya, ƙarafan balans, 'yar tandar da Oga ya bar mini, da ragowar waya a kwarkwaro. Na dawo gida na buɗe wannan shago.

Aikina na farko a Tambuwal injin niƙan wata Hajiya ne, daga bayan kasuwa. Na kwance shi, na naɗa, na gasa, na gwada, na ce ta dawo bayan kwana fuɗu. Ta riƙe haɓa. "Kwana fuɗu? Malam, jirgi nika son ka gyara ko injin markaɗe? Mata na can da tasoshinsu suna jira na." Ta jira dai, kuma injin nan ya yi shekaru bai dawo ba. Amma ta gaya wa kowa cewa mutumin Kaduna nawa gare shi. Akwai wani mai naɗi a ƙasan titi da ke ba da aiki a yini ɗaya. Can mutane suka riƙa zuwa.

Sai na fara sassautawa. Manomin fadama zai zo da injin ban ruwa, albasarsa na ƙonewa, ba ka ce masa ya jira tanda ba. Na koma shanya koyil a kan kwanon rufi, rana ta gasa. Bafulatani zai zo ranar kasuwa da 'yar fankarsa mai batir, gobe za su tashi da shanu, ka gyara masa yana tsaye. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce fankarsa na rawa. Ma'aunin waya wani ya ara, bai dawo da shi ba, ban bi sawu ba. Tandar nan maiɗakina ta ɗauke ta shiga gida tana gasa kek na suna da biki. Ƙarafan balans suka gangara ƙarƙashin benci, damina bayan damina, tsatsa ta cinye bakinsu. Ba rana ɗaya hannu ke lalacewa ba. Kullum kaɗan ne, kuma kullum da dalili mai kyau.

Sai shekarar jan baki.

A waccan shekarar ruwa ya ɗauke a farkon damina, gero ya ƙone a tsaye. Daga baya ruwan ya dawo da ƙarfi, maiwa da dawa suka yi kyan da an daɗe ba a gani ba, duk fatan mutane ya koma kansu. Yayana, Yaya Sani, a Kebbe yake noma, can ya koma da iyalinsa tun muna samari saboda yalwar ƙasa. Shi ke aiko wa gidanmu da hatsi kowace kaka. Maiwa na fara ƙosawa tsuntsayen suka sauka. Wanda bai ga jan baki ba, ba zai gane ba. Tsuntsu ne ɗan mitsitsi, amma in suka taso sai ka ce hadari ne. Su sauka a gona da hantsi, kafin azahar zangarniya ta koma tsinke. Mutane suka ɗaura gwangwanaye a igiya, suka fito da majajjawa da ganguna, kowa da iyalinsa a gona tun asuba har murya ta dushe. A kore su nan, su sauka can.

Sai aka ji an ɗauko hayar jirgin feshi, yana tashi daga filin jirgi na birnin Sakkwato. Da yamma liƙis yake zuwa, lokacin da tsuntsayen suka taru a makwancinsu cikin duhuwar ƙaya ta bakin fadama, ya feshe su a wuri ɗaya. Ya yi zuwa biyu, mutane suka fara numfashi. Daga nan shiru. Kwana uku ba jirgi.

Ranar Laraba da hantsi wata mota ta tsaya a gaban shagona. Wani mai furfura a gemu ya fito yana tambayar Ummaru na Kaduna. Sai da ya yi dariya na gane shi. Haruna ne. Shi ne injiniyan jirgin. Bayan mun gaisa mun tambayi iyali, ya ciro hankici daga aljihu ya buɗe a kan bencina. Ga ta nan, irin wadda Oga Danladi ya ɗora mini a hannu, amecha ya ƙone.

"Ta akwatin rediyo ce," ya ce. "Matuƙi ya ce ba zai tashi da magariba ba rediyo ba, kuma yana da gaskiya. Mun yi odar sabuwa, sai nan da mako uku."

"Mako uku ba sauran maiwa a Kebbe."

"Shi ya sa na zo. Daga nan har Kano ban san wani mai hannun da zai naɗa wannan ba sai kai. Ka yi mini wadda za ta riƙe mu mako uku. Ni zan gwada, ni zan sa hannu."

Na ce masa na daɗe rabona da irin wannan. Ya ce hannu ba ya mantuwa. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Na rufe shago ga kowa, na buɗe tsohon akwatina. Cikin ikon Allah kwarkwaron wayar nan na Kaduna na nan, naɗe a leda, kaurinta daidai. Na sa madubi, na kwance tsohuwar waya zagaye bayan zagaye ina rubutawa a kwali. Idona ba kamar da ba, sau biyu waya na tsinkewa ina sakewa daga farko. Ranar Alhamis da la'asar na gama naɗi. Na auna kowane rami da mita, duka daidai. Na shiga gida na karɓo tanda, maiɗakina na cewa kek ɗinta zai yi warin banish har shekara. Na gasa shi yadda aka koya mini, ban rage minti ɗaya ba. Boris ɗin na wanke su da kaina, lafiyarsu ƙalau.

Saura balans. Ranar Juma'a da safe na jawo ƙarafan daga ƙarƙashin benci. Bakinsu ya yi ƙuraje da tsatsa, amecha ba zai mirgina a kansu ba. Akwai mafita, na san ta: a sayi sabuwar reza biyu, a kafa su a katako, a daidaita, su yi aikin. Amma kafa su da ɗiga gam da jiran ya bushe da sake ɗorawa, yini guda ne cur. Ke nan jirgi ba zai tashi Asabar ba, sai Lahadi. Na ce bari in haɗa ta haka nan tukuna in ji, wataƙila a dace.

Ana sakkowa daga masallaci sai ga babura uku daga Kebbe, sun yi buɗu-buɗu da jar ƙasar hanya. Labari ya kai can cewa gyaran jirgi na hannun ƙanen Sani. Yaya Sani ya sauko, muryarsa ta dushe har ba a jin sa sosai saboda korar tsuntsu. Bai zauna ba. Ya zaro zangarniyar maiwa daga aljihun riga ya ajiye a kan bencina, kusa da fankar. Ba ƙwaya ko ɗaya a jikinta.

"Ummaru, wanga ɗan abu shi yah hana jirgi tashi?"

"Shi ne, Yaya."

"To mi kaka jira?"

"Saura aiki guda, Yaya. Na yini ɗaya."

"Yini ɗaya." Ya juya ya dubi waɗanda suka zo tare. "Jiya da hantsi gonar Malam Buba ta gabas tana tsaye. Ka tambaye shi yanzu, ga shi nan." Dattijon da ya nuna bai ɗago kai ba. "Tsuntsu ba shi san Juma'a ba, Ummaru. Ba shi san gobe ba."

Na aro batir biyu na babbar mota daga makwabcina bakanike, na haɗa su, na ba fankar wuta. Ta tashi da wannan siririn kukan da na yi shekaru ban ji ba. Mutanen Kebbe suka yi kabbara. Na sa ta tsakanin yatsuna, na rufe ido.

Tururuwar na nan. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, wani ba zai ji ta ba, amma tana nan. Kuma na san batir biyu ba su kai ƙarfin wutar jirgi ba. A can za ta fi haka gudu, rawar kuma za ta fi haka.

Haruna, da ya dawo yana jiran aikin, ya karɓe ta, ya riƙe na ɗan lokaci, ya sa ta kusa da kunne. Sannan ya dube ni.

"Ka gamsu?"

Mutum fuɗu na tsaye a kaina, zangarniyar nan na gabana. Na ce a raina, mako uku ne kawai, kuma tashin awa ɗaya ne a yini.

"Na gamsu," na ce.

Ya naɗe ta a hankici, ya shiga mota.

Ranar Asabar da yamma jirgin ya wuce ta kan Tambuwal, ƙasa-ƙasa, ya nufi kudu. Mutane suka fito titi suna nuna shi, wasu suka zo har shago suna ba ni hannu. Ran nan aka sa mini Ummaru Mai Jirgi, sunan da har yau wasu ke kira na da shi. Lahadi ma ya wuce. Makwanci biyu ya feshe, aka ce da safe ana kwasar gawar tsuntsu da shebur. Saura babban makwancin, na bakin gulbi, inda mafi yawansu ke kwana. Shi aka shirya wa Litinin.

Ranar Litinin na hau babur na tafi Kebbe don in gani da idona. Muka tsaya a kan tudu ni da Yaya Sani da mutanen gari, rana ta yi ja, tsuntsaye na kwararowa cikin ƙayar nan kamar ana zuba su daga buhu. Muka ji ƙarar jirgi. Ya fito daga arewa, ya sauko, ya yi layi da makwancin. Sai kawai ya karkata fiffike, ya ɗaga sama, ya juya inda ya fito. Ko ɗigo bai zubar ba.

"Wataƙila iska ce," in ji wani.

Ba iska ko kaɗan a yammacin nan.

Washegari Haruna ya kira ni. Boris ya cije, fanka ta tsaya, akwatin rediyo ya yi zafi har ya ƙone, hayaƙi ya shiga wa matuƙi. Allah ya kiyaye, ya sauka lafiya. Amma yanzu ba fanka kaɗai ake nema ba, akwatin ne gaba ɗaya, kuma hukuma ta ce kada jirgin ya motsa sai an yi bincike. Muryarsa a kwance, bai tambaye ni komai ba. Sabuwar fankar ta iso a kan lokacinta, ta tarar ba abin da za ta hura wa iska. Jirgin bai sake tashi ba a wannan kakar.

Ku lissafa da kanku. Da na ce ban gamsu ba, an rasa Asabar kaɗai. Lahadi da Litinin da Talata da duk sauran kwanakin suna nan. Sauri ya haifi nawa, nawar da ba ta ƙare ba.

Kwana tara tsuntsayen bakin gulbi suka yi suna ci. Gonar da Yaya Sani ke cika rumbu biyu da ita, abin da ya tsira bai rufe gindin rumbu ɗaya ba. Kafin tsakiyar rani ya sayar da shanun huɗarsa. Gidaje da yawa a yankin mazansu suka tafi cin rani tun kafin lokaci. Shi kuwa Haruna, da aka buɗe fankar aka ga naɗin hannu ne ba na kamfani ba, aka karɓe lasisinsa. An tambaye shi wa ya naɗa, ya ce shi ya sa hannu, shi za a tambaya. Sunana bai fito ba.

A Tambuwal da Kebbe kuwa ba wanda ya zarge ni. Cewa ake yi jirgin ne tsoho, ba don Ummaru ba ma da kwana biyun nan ba a samu ba. Aiki ya ƙaru mini. Kowa na son Mai Jirgi ya taɓa masa fanka. Na goge ƙarafan balans da dutse har suka koma sheƙi, amma ba wanda ya sake kawo mini abin da ke buƙatar su.

Wata biyar ina ɗauke da maganar. Da bazara na shiga Sakkwato sayen waya, na yi tambaya har na gano inda Haruna yake. Wani ɗan shago ne ya kama, yana gyaran inbata da cajar sola. Ya ba ni kujera, ya aika a kawo ruwa. Ban sha ba.

"Haruna, ranar nan da ka tambaye ni, ƙarya na yi maka. Ban yi balans ba. Na ji rawar a hannuna."

Ya ci gaba da kwance kusar da yake kwancewa har ta fita, ya ajiye ta a murfin gwangwani.

"Na sani," ya ce. "Ni ma na ji ta. Ba hannu ɗaya ya koya mana ba?"

"To me ya sa ka karɓa?"

"Abin da ya sa ka bayar. Ni ma na ga zangarniyar nan." Ya goge hannu da tsumma. "Tambayar da na yi maka, so nake ka ce a'a, in samu bayan da zan ɓuya. Kai kuma kana jira ni in ce a'a. Muka tsaya muna kallon juna, manya biyu, kalma ɗaya ta gagare mu."

Na nemi gafararsa. Ya ce ba abin da zai yafe wanda shi ma ba ya neman a yafe masa. Muka yi sallama a bakin titi. Mukan gaisa a waya da salla, amma bai sake shiga filin jirgi ba.

Daga Sakkwato ban tsaya gida ba sai don in ajiye kaya. Na wuce Kebbe. Na tarar da Yaya Sani a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, don a daminar da ke tafe da hannu zai yi huɗa. Na zauna a tabarma na gaya masa komai, tun daga tsatsar ƙarafa har abin da na ji a yatsuna. Ya saurara bai katse ni ba.

"Yini ɗaya kac ce mani," ya ce. "Na tuna. Ni nac ce ba a jira."

"Ba aikinka ba ne ka sani, Yaya. Aikina ne."

Ya jingine fartanyar, ya leƙa cikin gida ya ce a kawo wa baƙo abinci. Aka kawo kwano aka ajiye tsakaninmu. Ya buɗe, ya turo mini gabana, ya ce bismilla.

Tuwon masara ne, na awo, daga kasuwa. Tun zamanin kakanmu ba a taɓa auno hatsi a gidanmu ba. Na wanke hannu, muka ci tare har ya ƙare.